Da ɗan gari ake cin gari: yadda za ka zaga Legas da ɗan rakiya mai rufa asiri

Shekarata ta goma sha ɗaya ke nan a Agege, kuma a cikin shekarun nan ban san adadin baƙin da na ɗauko daga tasha ko filin jirgi na zagaya da su ba, wasu 'yan uwa, wasu abokan 'yan uwa, wasu ma lambata kawai aka ba su aka ce in ka je Ikko ka nemi wane. Amma wanda ya sa na zauna nake wannan rubutun wani ƙanina ne da ya zo daga Kano bara. Ba ciki ɗaya muka fito ba, tare dai muka tashi a layi ɗaya. Yaron irin mutanen nan ne da ko bai ce komai ba tafiyarsa da muryarsa sun isa a juyo a kalle shi, a gida an kira shi da sunaye kala kala tun yana firamare, ni kuma ban taɓa tambayarsa komai ba shi ma bai taɓa ce min komai ba, kowa ya san abin da ya sani. Kafin ya taso sai ya kira ni ya ce Yaya ni fa so nake in ga gari kawai, in ga teku, in ga motar Murtala, amma ba na so a haɗa ni da wanda zai wuni yana min wa'azi ko yana min kallon banza. Na ce masa taho.

Toh wannan jagorar ta irinsa ce, namiji ko mace, wanda yake cikin masu son jinsi ɗaya ko wanda kawai ake masa kallon haka, kuma yana so ya sha iskar Legas kwana uku huɗu ya koma gida da mutuncinsa da wayarsa da kuɗinsa.

Mataki na farko: ka san ƙasar da kake takawa

Akwai wani tunani da 'yan Arewa da yawa suke zuwa da shi, wai Legas ba ruwan kowa da kowa, kowa tashi ta fishshe shi. Rabin maganar gaskiya ce. Ba Hisba a nan, ba kotun shari'a irin ta jihohinmu, kuma mutumin da ya fito ƙarfe biyar na asuba yana neman danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ba shi da lokacin kallon yadda kake tafiya. Amma dokar tarayya tana nan daram. A watan Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, shekara 14 ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiya ko kulob na masu wannan harka, ko ya nuna soyayyar a bainar jama'a, har wanda ya taimaka ma bai tsira ba. Kuma ba a takarda ta tsaya ba, a 2018 'yan sanda sun kama mutum 57 a wani otal a Egbeda suka nuna su a talabijin, aka gurfanar da 47, sai a Oktoban 2020 kotu ta kori shari'ar saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo hujjarsu, amma kafin nan fuskokinsu sun zaga duniya, wasu sun rasa aiki wasu gida ya kore su.

Na fara da wannan ne don ka gane irin ɗan rakiyar da nake nufi. Ba wanda zai kai ka fati ba, ba wanda zai haɗa ka da wani ba. Wanda duk ya ce maka ai ya san wurare na musamman zai kai ka da daddare, ka guje shi, ko dai bai san ciwon kansa ba ko kuma kai ne kasuwar.

Mataki na biyu: nemo mutumin, nan ne aikin yake

Kar ka nemo shi a manhajar soyayya, kar ka nemo shi a inbos ɗin Facebook ko Instagram na wanda ba ka taɓa gani ba. A Legas akwai abin da ake kira kito, wato a yaudare ka da hira mai daɗi a waya, a ce zo mu haɗu, kana zuwa ka tarar da ƙarti huɗu biyar a ɗaki, su yi maka duka su ɗauki bidiyo su kwashe abin da ke akawun ɗinka, sannan su buɗe wayarka su nemo lambar da aka rubuta Umma ko Abba su ce ko ka ƙaro ko su tura. Baƙo daga Arewa shi ne nama mai laushi a wurinsu don sun san abin da bidiyon zai yi maka a gida ya fi abin da zai yi wa ɗan Legas.

Hanyar da na sani mai kyau ita ce ta mutum zuwa mutum. Wani da ka yarda da shi, wanda ya san halinka kuma bai taɓa tona ka ba, shi zai ce ga wane na san shi shekara kaza, na san gidansu, na san inda yake aiki. In ba ka da irin wannan, to ka ɗauki masu zagayawa da 'yan yawon buɗe ido na sana'a, waɗanda suke da rajista da ofis kuma suna fita da mutane rukuni rukuni, ka shiga cikinsu a matsayin baƙo kawai, ba sai ka yi wa kowa bayanin kanka ba, su kuɗin aikinsu suke nema.

Sai maganar da mutane ba sa kawowa a rai: ɗan garinku. Wallahi Hausawan Legas duk yawanmu kamar gida ɗaya muke, Agege, Idi Araba, Obalende, Mile 12, kullum tireloli suna sauke tumatur da albasa da shanu suna komawa, labari yana bin motocin nan ya riga ka isa gida. Don haka a ganina wanda ya fi shi ne Bahaushe haifaffen Legas ko wanda ya daɗe, mai jin Yarbanci da burokin, amma wanda bai haɗa dangi da unguwarku ba. In bai samu ba, Bayarabe ko Inyamuri mai hankali ya fi maka ɗan layinku mai surutu.

Kafin ka biya ko sisi ku yi magana ta bidiyo kol, ka ga fuskarsa. Ba sai ka faɗa masa komai game da kai ba, ka saurari bakinsa kawai. Ni yadda nake gwada mutum, sai in sako zancen wani daban, in ce akwai wani abokina da ya zo kwanaki mutane suka dinga tsokanarsa saboda yanayinsa, in yi shiru. In ya kwashe da dariya ya fara ba ni labarin wani baƙonsa da ya taɓa kamawa da kaza da kaza, toh gobe labarina zai ba wani. In ya ce Allah ya kyauta, mutane ba sa barin mutane, ya wuce zuwa maganar wace rana za ka iso, wannan shi ne. Mai tambaya da yawa ma ban so, kana da aure? me ya sa ba ka yi ba? wa za ka kwana da shi a otal? duk ba aikinsa ba ne.

Ku yanke kuɗi tun kafin ka taso: nawa ne a rana, wa zai biya mota, wa zai biya kuɗin shiga wurare, abincinsa a kan wa. Ka ba da wani abu kaɗan na kafin alƙalami, sauran kullum da yamma in an dawo. Haɗuwar farko kuma a fili, da rana, risefshan ɗin otal ko wani gidan abinci, ba ɗakinka ba, ba gidansa ba.

Mataki na uku: waya da masauki

Ka share abin da ya kamata a share tun daga gida, hotuna, hirarraki, manhajojin da ka san in an gani za a yi magana. Rundunar 'yan sanda da kanta ta sha faɗa cewa ba a yarda jami'i ya tare ka a titi ya ce buɗe wayarka ba, amma abin da aka faɗa a ofis daban abin da ke faruwa a shingen ƙarfe goma na dare daban. Kar ka bar kuɗinka duka a akawun ɗin da ke kan wayar. Ka tura wa mutum ɗaya da ka yarda da shi lokeshan ɗinka kullum, da sunan ɗan rakiyar da hotonsa. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767.

Masauki kuma ka kama da kanka da sunanka, kar ka bari a kama maka. Ikeja ta fi sauƙi in ta jirgi ka zo ko kana so ka kasance kusa da Agege, Yaba ko Surulere suna tsakiya, Victoria Island da Lekki akwai tsada amma an saba da baƙi iri iri ba a cika sa ido ba. In ku biyu ne ku ce ɗaki mai gado biyu, maza biyu ko mata biyu su raba ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, 'yan kasuwa kullum suna yi.

Mataki na huɗu: ranar farko, cikin Eko, wato tsibirin Legas

Ku fita da sassafe, ina nufin kafin bakwai, in ba haka ba gosulo zai cinye muku rabin ranar. In daga Ikeja kuke za ku hau gadar Third Mainland, kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990 zamanin Babangida, ka zauna ta ɓangaren taga ka leƙa ƙasa wajen Yaba za ka ga Makoko, gidajen katako a kan ruwa da kwalekwale da hayaƙin kifi.

Ku fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, an buɗe shi a 1957. Akwai kayan Nok da na Benin da sauransu, amma mu dai mun san abin da ke kai ɗan Arewa wurin, baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ƙanina da ya shigo yana ta zuba tun daga mota, yana ganin motar ya yi tsit. Ya zagaya ta sau biyu yana kallon hujojin harsashin, ya sunkuya yana leƙa kujerar baya, can sai na ji ya ce Yaya ashe ƙaramar mota ce, ni na ɗauka wata ƙatuwa ce, mutum guda shugaban ƙasa ba ko jiniya. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ma'aikaciyar wurin wata dattijuwa Bayarabiya ta tsaya tana jiransa har ya shafa. Ka tambaya kafin ka ɗaga waya, ba ko'ina ake barin hoto a ciki ba.

Daga nan da ƙafa ma za ku iya zuwa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960, ga manyan gumakan dawakai a ƙofa. Sai Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa ne inda aka taɓa tsare su Herbert Macaulay da Awolowo, a 2010 aka mayar da shi wurin shaƙatawa, an bar alamar ɗakunan fursunonin a ƙasa ka ga ƙanƙantarsu. Wurin nan ina son shi don masu zane da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo ne suka fi zama, kowa da irin shigarsa, mai kitso mai ɗan kunne mai rini, ba wanda zai kalle ka sau biyu. A nan za ka huta ka sha ruwa.

Azahar ku yi ta a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe mai hasumiya huɗu, amma ka ce wa ɗan rakiyarka lallai ya kai ka masallacin Shitta Bey a titin Martins. Ƙarami ne, an buɗe shi a 1894, ginin irin na bayin da suka dawo daga Birazil, kuma Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya na lokacin ne ya ba Muhammad Shitta da ya gina shi sarautar Bey ɗin. Yawancin Hausawan da suka shekara ashirin a Legas ba su taɓa shigarsa ba, ni ma sai da wani Bayarabe ya kai ni.

Kasuwar Balogun tana nan kusa, atamfa leshi takalma jaka, amma jakarka a gaba, waya a aljihun gaba, kuma ka bar ɗan rakiya ya yi ciniki, kana buɗe baki za a ji Hausa a harshenka a ninka. Za a kira ka aboki ko malam sau ɗari, kar ka ɗauka da zafi, wani da raini yake faɗa wani kuma iyakar Hausarsa ke nan. In 'yan iskan tasha suka tare ku suna neman na goro, kai dai yi shiru, shi ya san yadda zai yi da su, abin da ka biya shi ke nan.

Mataki na biyar: Lekki da ruwa

Rana ta biyu ku nufi Lekki Conservation Centre, daji ne mai hekta 78 a tsakiyar gine gine, an kafa shi a 1990, akwai gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, tana lilo, in kana da tsoron sama kar ka bari a zuga ka don in ka hau ba juyowa. Birai suna nan kuma ɓarayi ne na gaske, ɗaya ya fizge wa ƙanina leda da gurasar da ya taho da ita tun daga Kano ya hau bishiya yana ci yana kallonmu. Ku je ranar aiki, Asabar da Lahadi layi ne kamar na mai.

Sai gidan zane na Nike, bene ne cike da zane da sassaƙa da adire, rinannen yadin Yarbawa, tun daga ƙasa har sama, shiga kyauta. Daga nan kasuwar kayan hannu ta Jakande, inda za ka tarar da mutanenmu da jakunkunan fata da takalma da tasbaha, kayan da aka ɗauko daga Kano ana sayar wa Turawa da tsadar da za ta ba ka dariya. A nan dai ka ɗan kama bakinka, gaisuwa da ciniki, in an ce daga wace unguwa ka faɗi gari kawai.

In teku kake so, Tarkwa Bay ta fi min, sai an shiga jirgin ruwa daga wajen CMS ko Falomo, ruwan ya fi kwanciya. Rigar kariya daga nitsewa dole a cikin jirgin, kuma ku dawo kafin magariba. Tekun Legas ba kogin Wudil ba ne, yana ja, iya gwiwa ya ishe ka. Bakin ruwa wuri ne da mutum kan saki jiki ya manta, toh kar ka manta, kowa waya ce a hannunsa yana bidiyo.

Mataki na shida: Ikeja da dare, ko Badagry da rana

In kwana uku gare ka sai ka zaɓa. Badagry tafiya ce ta wuni guda, hanyar Kwatano, can za ka ga bene na farko da mishan suka gina a 1845, da ɗakunan ajiye bayi na Seriki Abass, da sarƙoƙin da ake sa musu a wuya, a ba ka ka ɗaga ka ji nauyi, sannan a tsallaka da kai tsibirin Gberefu ka taka hanyar da suka bi zuwa bakin teku inda ba a dawowa. Ka tafi da ruwa da hula, rana ce ƙwal kuma yashi ne.

In ka gaji da doguwar mota, ku yi Ikeja. Gidan mawaƙi Fela a titin Gbemisola yanzu gidan tarihi ne, Kalakuta, kabarinsa na nan a tsakar gidan, ya rasu 2 ga Agusta 1997, an bar ɗakinsa da takalmansa jere. Da dare kuma New Afrika Shrine a Agidingbi wanda 'ya'yansa suka buɗe a 2000, in ka ci sa'a ɗansa Femi yana gari za ka ga kiɗa na gaske. Gaskiya zan faɗa maka akwai hayaƙin wiwi sosai da giya, in ba ka iya zama a irin wurin kar ka je don kunya, ka ce masa a'a kawai, ɗan rakiyar kirki yadda bai tambaye ka wancan ba haka ba zai tambaye ka wannan ba. Komawa masauki kuma da Bolt ko Uber, ka duba lambar motar ta yi daidai da ta waya. Kar ku tare danfo ko ƙaramar mota da ba a tasha ta yi lodi ba da daddare, akwai 'yan wan cans masu fashi a cikin mota, fasinjojin duk nasu ne.

Da rana dai ka hau danfo ko sau ɗaya don ka ce ka hau, ka riƙe canji don kwandasta ba ya da haƙuri, in za ka sauka ka ce owa da ƙarfi. Jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara aiki a Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2 shi ma ya cancanci a hau, yana tsayawa a National Theatre da aka gina don FESTAC 77, bikin al'adun baƙar fata na 1977, da katin Cowry ake biya, shi ne dai na manyan bas ɗin BRT, ɗan rakiyarka zai samo maka.

In abu ya ɓaci

In 'yan sanda suka tsayar da ku, ka gaishe su, Yallaɓai ko ofisa, ka nuna katin shaida, ka ce yawon buɗe ido ka zo, wanda kuma gaskiya ce. Kar ka amsa laifin da ba a kama ka da shi ba don a ce za a sake ka, kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ka nemi a bar ka ka kira lauya ko ɗan uwa. Akwai ƙungiyar kare haƙƙi mai suna TIERs a nan Legas da ta daɗe tana taimaka wa waɗanda aka kama ko aka yi wa kito da lauyoyi, ka nemo lambarsu tun kafin ka taso ka rubuta a takarda ba a waya kaɗai ba. In wani ya fara yi maka barazanar tona asiri yana neman kuɗi, ka sani wanda ya biya sau ɗaya zai biya sau goma, ka nemi lauyan kafin ka tura komai.

Daren ƙarshe na kai ƙanina cin tsire a Obalende, muka zauna a benci, mai naman wani dattijo ɗan Katsina ya dube shi ya dube ni, na ji gabana ya ɗan faɗi don na san irin kallon, sai kawai ya ce samari daga gida? ya ƙara masa yanka biyu da ƙuli ya ce baƙo ba ya biyan wannan. Yaron ya ci ya sha shayi, ya ce in tsaya a Agege gobe kafin tasha zai sayi burodi guda shida na tsaraba, na ce shida ina za ka sa su, ya ce Umma ce ta ce kar ya dawo babu.